Lasisi a Ƙarƙashin Katifa

Ran Talata bayan la'asar saƙon ya faɗo a waya,
ina tsugune bakin famfo a Aboabo, ina wanke takalmi.
Na karanta sau uku da jiƙaƙƙen hannu.
Lamba ce kawai, sai sunana a gefe:
Muntari Labaran, ƙaramin nas,
an yarda ya taɓa mara lafiya.

Inna ta yi guɗa har kokonta ya kama a tukunya.
Shekara biyu ludayin nan ke biyan makaranta,
sidi bisa sidi, tun asuba,
ba ta taɓa tambayata me ake koya mana ba.
Yau ta ce, "To, dokta."
Na ce, "Inna, nas."
Ta ce, "Allurar dai ɗaya ce."

Kafin magariba tsakar gidan haya ta cika da masu sanin hanya.
Kawu Sanda, direban tirotiro, ya buga cinya:
"Obuwasi! Asibitin masu haƙar zinari,
can albashi ba ya makara."
Anti Barikisu, da ta tsufa a ɗakin haihuwa na Manshiya,
ta bar shi ya gama, ta gyara mayafi.
"Koren kayan nan tsani ne, yaro, ba kujera ba.
Yi aiki kaɗan, ka koma aji,
ka fito babban nas kafin gwiwa ta fara ƙara.
Ni na ce sai baɗi, sai baɗi,
ga ni, baɗin ta zo da furfura."

Da dare Kwabena ya turo murya daga Ingila,
wanda muka haddace sunayen ƙasusuwa kan benci ɗaya.
Yana juya tsofaffi a gado, yana canza zanen kwanciya.
Ya ce kuɗi akwai.
Ya ce ƙarfe huɗu rana ta faɗi.
Sai ya tambaye ni ko mai wake da shinkafar bakin masallaci tana nan,
ya yi dariya, dariyar ta ƙare kafin saƙon.

Takardar gwamnati kuwa, ana jira.
'Yan ajin gabanmu suna jira tun bara waccan.
Na ga Zuwaira a Kejetiya tana sayar da murfin waya,
hannun da ya fi na kowa samun jijiya.
In ta zo, wai ƙila arewa za a tura ni,
wani ƙauye bayan Walewale
inda nas ɗaya ne likita, shi ne mai magani, shi ne mai shara.
Ban san ko tsoro nake ji ba, ko ɗoki.

Na sa lasisin a leda, na tura ƙarƙashin katifa.

Da safe, kamar kullum, na ƙwanƙwasa ɗaki na bakwai.
Baba Tanko, tsohon mahauci, sukari ya ci masa dunduniya.
Wata huɗu ke nan ina kwance bandejin nan:
ruwan gishiri, auduga, numfashi ta baki.
Ya juya fuska bango, ya riƙe carbi.
Yau gyambon ya yi ja a gefe, jan kirki,
naman ya fara takowa daga bakinsa,
bai fi faɗin ƙwayar shinkafa ba.

Ban gaya wa kowa ba,
amma a nan zuciyata ta tsaya.
Akwai masu karatun rauni, na ji a makaranta,
masu hana a yanke ƙafa.
Ban san kuɗinsa ba, ban san ko nawa ne shekarun.
Zan tambayi Anti Barikisu in an watse.

Baba ya ce, "An ce ka ci. Yanzu nawa zan biya?"
Na ce, "Ɗaga ƙafar tukuna."